Ƙwallon Tsamiya a Aljihun Misye Yunusu

Aljihun dama na kwat ɗin Misye Yunusu ya fi na hagu nauyi. Idan yana tafiya sai ya riƙa wata 'yar ƙara, kacau-kacau, kamar an ɗaura wa akuya ƙararrawa. Ba wanda ya kula, domin Misye Yunusu mutum ne da bakinsa ke riga ƙafarsa isa wuri.

A unguwar Amriguebe aka haife shi. Kakansa ya baro Kano da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya zauna. Ubansa Buba mahauci ne. Shi kuwa Yunusu, tun da ya samu takardar koyarwa ya daina bi ta layin mahauta, wai ƙarni na sa shi ciwon kai. Hausa ma sai ta kama dole, Faransanci yake yi har da mai shayi.

Makarantar 'yan Katolika da yake koyarwa ta raba yara gida-gida, kowane gida da launinsa da malamin da ke zama uba gare shi. Shi ne uban Gidan Shuɗi. Sista shugabar makaranta, wata dattijuwa mai kyakkyawar niyya da raunin ido, ta kawo wata al'ada. A ƙofar kowane gida aka ajiye tulu ginin ƙauyen Gawi mai ƙaramin baki, da faifai biyu a gefensa, ɗaya da farin wake, ɗaya da ƙwallon tsamiya. Kowace safiya yaro zai jefa wake idan lafiya yake, ko ƙwallo idan wani abu na cin ransa. Ran Juma'a da sassafe, kafin yara su iso, Sista ta juye tulun. In ta ga baƙi, uban gida ya tara 'ya'yansa a gindin bishiya har a gano mai damuwa. Ƙarshen shekara kuma, gidan da ya fi zaman lafiya ya ɗauki kofi.

Kofin nan kaɗai Misye Yunusu ya ji a duk bayanin. Har ya share masa wuri a kan kabad.

Da farko ya kwashe faifan tsamiyar, ya ce ɓeraye ke ɓarna. Amma duk Alhamis in yara sun tashi ya juye tulun, sai ya tarar da baƙaƙen ƙwallaye cikin wake, suna kallonsa. Ya tsince su ɗaya-ɗaya ya zuba aljihu yana tsaki. A ransa, wani ɗan hassada ne daga Gidan Ja ke yi masa zagon ƙasa.

Ba hassada ba ce, Lailatu ce, yarinya 'yar aji ɗaya. Iyayenta sun koma unguwar Atron, can bayan gari, inda damina ke mai da hanya tafki, kullum sai ta makara. Makara na rage wa gida maki, don haka manyan 'yan matan gidan suke sa ta durƙuso a rana lokacin hutu, su cinye mata ƙosanta. Ba ta da bakin kai ƙara. Abin da Sista ta ce a yi shi take yi: ta tsinci ƙwallo a madafar uwarta, ta ƙulle a bakin ɗankwali, ta jefa a tulu, ta jira a tara su gindin bishiya. Tana jira har damina ta wuce.

"Gidanka kullum fari tas, Misye Yunusu," in ji Sista. "Mene ne sirrin?"

Ya dafa ƙirji, aljihu ya yi kacau. "Ƙauna ce kawai, Sista. Uba ya san 'ya'yansa."

Ranar ba da kofi aka yi rumfa, iyaye suka cika fili, aka kira Gidan Shuɗi. Yana rungume da kofin, ana ɗaukar hoto, sai ga wata mata ta ratsa mutane riƙe da hannun yarinya. Hajja Saudat ce, uwar Lailatu, tsohuwar maƙwabciyarsu a Amriguebe.

"Yunusu na Buba!"

Ya amsa da Faransanci, a hankali, yana murmushi don mai hoto.

"Kai, ajiye mini wannan yaren. Da Hausa uwarka ta yaye ka, ina wurin." Ta ɗage zanen yarinyar kaɗan. Gwiwoyin sun yi baƙi, sun yi kanta. "Ka san wannan?"

Ya dubi yarinyar, ya laluba sunanta a kansa, bai samu ba.

"Hajja, ai da ta faɗa mini..."

"Ta faɗa. Tsamiyata ta ƙare a tulunku, ko kunu na dama sai in ga ba ƙwallo. Sai jiya ta buɗe baki. Ina kuka kai su?"

Hannunsa ya sauka kan aljihun dama, ya danne shi.

"Wannan magana ta ofis ce, Hajja. Ki zo ran Litinin."

"Litinin 'yata tana gida. Kalas, magana ta ƙare, na cire ta daga makarantar. Ka sha ruwa a kofinka."

Lailatu ta waiwaya sau ɗaya, ba shi ta duba ba, tulun ta duba, sannan ta bi uwarta suka tare ɗan babur a bakin ƙofa. Sista tana can nesa tana gaisawa da baƙi, ba ta ga komai ba.

Misye Yunusu ya sauke ajiyar zuciya. Ya gode Allah da abin ya faru da Hausa, yaren da manyan baƙi ba sa ji. Ya kai kofin kan kabad, ya goge shi da hannun riga, ya ja baya ya duba, ya ɗan gyara masa zama.

Da la'asar, a hanyarsa ta gida, ya ji wani abu na zubo masa a ƙafa. Aljihun ne ya gaji ya yage. Ya tsaya wurin tela ya tuɓe kwat ɗin. Telan ya zura hannu, ya fito da ƙwallaye cike da tafi.

"Misye, miya kake kaɗawa a aljihu?"

"Ɗinke kawai," in ji shi. "Ka ninka zaren, ya yi ƙarfi."

Ya zauna kan benci, ya ce a kawo masa shayi.