Gwajin Agra a Taksin Yaya

Shekarar da idanun Baba suka fara dushewa, likita a nan Yamai ya duba ya sake dubawa, ya ce sai an yi aiki, kuma a Indiya. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce aikin yana iya gyara ganin, yana kuma iya tafiya da ɗan abin da ya rage. Asibitin Delhi suka sa mana rana, ni da yayana za mu raka shi. Tsakanin saukarmu da shiga ɗakin aiki akwai wuni guda da babu abin yi, kuma wunin nan ne ya kusa raba ni da Yaya.

Yaya direban taksi ne, mutumin da bai yarda da abin da ba a gwada ba. Ko sabon takalmi ya saya sai ya zagaya tsakar gida da shi kafin ya yarda ya taka titi. Shi ya kawo shawarar a kai Baba Agra ya ga Taj Mahal, farin ginin nan da hotonsa ya yi shekara da shekaru a bangon shagon Baba na ɗinki a kasuwar Wadata. Ya ce in ma ganin zai tafi, to ya tafi da abin kirki a ciki. Wannan na yarda da shi har zuciyata. Takardar da ya rubuto ce ta tayar mini da hankali.

Mako guda ya yi yana ƙura wa waya ido, sannan ya fito da tsari. Jirgin ƙasa daga Delhi da sassafe. Taj Mahal, minti arba'in. Tsohuwar ganuwar sarakuna mai jan dutse, minti talatin. Cin shinkafar da suke kira biryani, minti ashirin. Sayen alewar kabewa ta garin, minti bakwai. Na tambaye shi me ya sa bakwai, ya ce biyar na ciniki, biyu na ɗaure leda. Ko kewayawa bai bari ba, minti huɗu ya ba ta.

Na ce to madalla, Allah ya kai mu. Ya ce a'a, sai an gwada.

Yadda ya gwada shi ne ya ɗauki Agra ya shimfiɗa ta bisa Yamai. Gidanmu na unguwar Banifandu ya zama Delhi, taksinsa jirgin ƙasa. Babban masallaci shi ne Taj Mahal, tunda yana da ƙubba da hasumiya. Ganuwar sarakuna kuwa katangar wani attajiri ce a Koira Kano, don kawai jan fenti gare ta. Wadata ta zama kasuwar Agra. Ni aka ɗora wa biryani, na dafa ta daga bidiyo na zuba a kula. Ya kuma kafa doka cewa ranar gwaji babu mai kiran unguwa da sunanta na gaskiya.

Abu ɗaya Yaya ya manta, wato Baba ya ɗinka wa rabin garin nan sutura. Dattijo irinsa ba ya wuce wanda ya sani bai tsaya ba, balle mai shirin tafiya mai nisa, wanda dole ya bi mutane ya yi sallama ya nemi gafara.

Ba mu kai ga kwalta ba Baba ya ce a tsaya.

"Baba, jirgin ƙasa ne wannan, ba ya tsayawa a hanya," in ji Yaya.

"Wannan zai tsaya. Ga mai gyaran keken ɗinkina can."

Jirgin ƙasa ya tsaya. Ya sake tsayawa ƙofar wani tsohon abokin ciniki, sannan wajen wata tsohuwa Bazabarma mai dambu, wadda ta yi ta gaishe mu da fofo, fofo, ta rantse ba za mu tashi ba sai mun ci. Duk gidan da aka shiga sai an fito da kwano, ko fura, ko dambu da zogale, ko kilishi a takarda, kuma mayar da kwano yadda ya zo cin fuska ne. A Taj Mahal ɗinmu, wato babban masallaci, Baba ko ɗaga kai bai yi ba, yana can gindin bango da mai shayi. Da lokacin biryani ya yi, cikinsa ya riga ya cika. Ya ɗanɗana loma ɗaya ya ce, "Ƴata, dafa-duka ce wannan, sai dai ta sha turare." La'asar ta same mu ba mu ga jar katanga ba. Yaya ya duba agogo ya sanar da mu cewa jirgin komawa Delhi ya tafi ya bar mu, kuma mun rasa randebu, wato lokacin ganin likita.

Na zaci shi ke nan. Sai Baba da kansa ya ce gwajin bai yi kyau ba, a sake.

Aka sake ranar Asabar, abin ya fi na farko lalacewa. Aka sake na uku. Ni ce mai dafa biryani kowane karo, ni ce kuma mai dawowa da ita gida kusan ba a taɓa ba, har yaran maƙwabta suka fara gudu in sun gan ni da kula. A karo na uku haƙurina ya ƙare. Muna cikin Wadata, masu turin kura suna ta yi mana ihu mu gyara, Baba ya shige shagon wani tsohon tela ya ƙi fitowa. Na bi shi ciki da niyyar faɗin magana mara daɗi.

Na tarar ya jawo tsohon zuwa bakin ƙofa inda rana take. Ya riƙe kafaɗunsa, ya kawo fuskarsa dab da tasa, yana kallo a hankali tun daga goshi har gemu. "Juyo kaɗan," in ji shi. "Ashe tabon nan yana nan." Nan na tuna haka ya yi wa mai shayi, haka ya yi wa mai dambu, kowa sai ya jawo shi cikin haske. Kunya ta kama ni, da tsoro irin wanda ban ji ba ko a gaban likita. Na koma mota na gaya wa Yaya cewa Baba fuskokin mutanensa yake tarawa kafin a taɓa idon. Yaya ya ciro biro ya ƙara layi ɗaya a takardarsa: gaisuwa, minti uku kowane mutum.

A Agra kuwa komai ya tafi daidai da takarda, har ya wuce. Babu wanda ya san Baba, babu wanda ya fito da kwano. Biryanin gaske ta fi tawa nesa ba kusa ba, Baba ma ya faɗa a gabana bai ji nauyi ba. Alewar kabewa minti huɗu ta ci.

A Taj Mahal muka zaunar da shi a kan wani benci yana fuskantar ginin. Ya kalla kamar minti biyar.

"Ya fi na bangon shago girma," ya ce. "Nawa ya rage?"

"Talatin da biyar, Baba."

"To ku zo nan gabana, ku biyu. Ku juyo wajen rana."

Muka durƙusa gabansa, muka ba Taj Mahal baya, masu ɗaukar hoto suna ta ratsa mu. Ya fara da Yaya, ya gangaro kaina, ya sake komawa. Yaya ya cire agogon ya sa a aljihu.

Aikin bai yi nasara ba. Yanzu Baba yana zaune a zaure a Banifandu, yana gane masu shigowa da murya, ya gaya wa kowa inda tabonsa yake. Ni in na shigo yakan ce har yanzu rana tana damun idona na hagu, ina ƙanƙance shi. Shekara nawa ke nan, amma a wurinsa ina nan durƙushe a Agra.