Gyaran Inna Dije

Yau saura kaɗan sikeli ya raba ni da Inna Dije mai nono!

Tuwon madara zan yi. Malamar girkinmu ta Birnin Kudu ta ce a sabon awon gwamnati, litar madara kusan kilo ce. Ba ni da mazubin lita, sai na aro sikeli.

Na kai wurin Inna, ta zuba madara, allurar sikelin ta tsaya kan kilo. Sai ta ƙara ludayi, wai gyara. Na kwashe na mayar mata. Ta sake, na sake.

Sai idonta ya ciko. Ta ce, "'Yata, ba a taɓa mayar mini da gyara ba. Me na yi miki?"

Na karɓi ludayin na shanye a gabanta. Kilo bai motsa ba, Inna ta yi dariya.