Na Allah Mai Jajayen Bunsura

Da an sallame sallar asuba, Malam Na Allah Gambo ba ya tsayawa doguwar gaisuwa a ƙofar masallaci. Gida yake komawa, can bayan kasuwar bisashe ta Tasawa, ya bi bunsuransa ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗa bakin wannan, ya ɗaga kofaton wancan, ya shafa bayan kunne ko da kaska. Sai ya jiƙa musu dusa da 'yar kanwa, ya zuba harawa, sannan ya sha furarsa. Hantsi na yi ya ɗora biyu bisa amalanke, ya nufi ƙauyen da zagaye ya zo kansa, wani mako wajen Korgom, wani mako har garin Sarkin Hausa na ƙasar Mayahi. Yakan bar su kwana goma wurin matan garin don su barbari awakinsu, ya dawo da waɗanda ya kai can baya. Shekara ashirin ke nan yana haka, ba albashi, ba takardar yabo. Bana gwiwa ta ƙi, ya ce ya aje.

Asalinsa mai duba fata ne a mahauta. Shi ke nuna wa mahauta yadda ake fiɗa ba a huda fata ba, da yadda ake shanya ta a inuwa. A lokacin mai sayen fata ɗaya ne, kamfanin gwamnati. Farashinsa ba shi da yawa, amma kowa ya san shi tun kafin ya baro gida. Fatar jar akuyar ƙasarmu kuwa har Turai ake nemanta saboda laushinta.

Fari na tamanin da huɗu ya kashe bisashe da yawa. Ba a gama farfaɗowa ba, gwamnatin soja ta janye hannunta daga sayen fata, aka ce kowa ya saya, kowa ya fitar. Aikin Na Allah ya tafi tare da kamfanin. Kamyo-kamyo, manyan motocin kaya, suka fara zuwa daga kudu, ba fata kawai suke so ba, har akuyar da ranta.

Ba za a ce kowa ya yi asara ba. Masu garke babba sun ga kuɗin da ba su taɓa gani ba, wasu suka rufa ɗaki da kwano, wasu suka sauke farali. Amma Na Allah yana tsaye bakin kasuwa yana kallon abin da ake lodawa, hankalinsa bai kwanta ba. Fatake ba su ɗaukar ramamme. Jan bunsuru mai faɗin ƙirji suke nunawa da sanda, shi kuma talaka mai bisa uku, in rumbu ya yi ƙasa, wanda ya fi tsada yake fitarwa. Cikin 'yan shekaru sai ga 'yan awaki ana haifarsu ƙanana, ɗai-ɗai, masu dabbare-dabbare. Fataken da suka kwashe iyayen su ne kuma ke ture fatar 'ya'yan da ƙafa, su taya rabin kuɗi.

Wata ranar kasuwa wata mata ta tare shi. Sunanta Hindu, daga wani ƙauye na Korgom, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar da awaki huɗu.

"Malam, an ce ka san ciwon bisashe. Nawa shekara guda ba wadda ta haihu."

"Suna cin abinci?"

"Suna ci."

"Bunsurun wa ke bin su?"

"Ai kuwa ba ko ɗaya a garinmu. Na ƙarshe an sa shi mota tun kafin Layya."

Da nonon awakin nan take dama wa yara fura, da 'ya'yansu take sayen sabulu da littafin lakwal, wato makarantar boko. A makon nan Na Allah ya kwashi abin da aka sallame shi da shi daga aiki, ya bi kasuwanni yana rigan fatake, ya sayi jajayen bunsura shida. Mutane suka ce rashin aiki ya taɓa shi.

Shekarar da ta fi ba shi tsoro ita ce casa'in da takwas. Soja ne kuma ke mulki a Yamai. An riga an karya darajar kuɗinmu sefa, kayanmu sun yi araha ga masu zuwa daga ƙetare. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke hatsi na fidda kai, ɗan abin da aka girbe kuma motoci suka bi shi tun kaka. Da bazara ta yi, tiyar hatsi, kwanon awo guda, ta fi ƙarfin magidanci. A gidan Na Allah sau ɗaya ake ɗora tukunya, a cika da anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an kwana uku ana jiƙawa.

Ana cikin haka Alhaji Sidi, wani falke mai kamyo biyu, ya yi sallama. Ya duba bunsuran ya ce, "Malam, ba zan ba ka kuɗi ba, kuɗi ba su sayen komai yanzu. Buhu biyu na hatsi kowane kai. Ka yi shawara, jibi nake lodi."

Da ya fita, Zara'u matar Na Allah ta aje muciya. "Malam, ban taɓa yi maka magana kan bisashen nan ba. Amma dubi wuyan yaran nan. Dusar da kake jiƙa musu, mu ma za mu iya tuƙa ta."

Ya san gaskiya ta faɗa. Kwana biyu yana juya maganar. In ya dubi 'ya'yansa sai ya ga ya sayar duka. In ya tuna ƙauyuka tara da ba su da wani jan bunsuru sai waɗannan, sai ya fasa, don ya san in suka hau mota iri ya tafi ke nan. Ranar lodi ya ja biyu ya kai wa Alhaji Sidi, ya dawo da buhu huɗu. Alhajin ya ƙara tayi kan sauran. Na Allah ya ce, "Alhaji, waɗannan ba nawa ba ne ni kaɗai."

Buhu huɗu suka riƙe gidan, amma ba abin ba bisashe. Kullum da rana tsaka ana ganinsa ƙarƙashin itatuwan gawo yana tsintar 'ya'ya a buhu. Duk da haka bunsuru ɗaya ya kwanta bai tashi ba. Labari ya kai Korgom. Bayan kwana huɗu sai ga Hindu a ƙasa, ita da mata bakwai, kowace da ƙwarya a ka. Wata dusa, wata ƙaiƙayi, wata busasshen ganyen wake da ta ɓoye wa tata akuyar.

"Ku da ba ku ƙoshi ba?" in ji shi.

"Ba kai muka kawo wa ba, Malam," in ji Hindu. "Zuba musu."

Bunsura uku suka ga ruwan farko. Shekara biyu bayan nan, awakin Hindu tagwaye suke haifa, jajaye jawur. Ta kai ɗan bunsuru kasuwa da rumbunta cike, Alhaji Sidi ya taya, ta ƙi, ya ƙara, ta ƙi, sai a na uku ta sallama. Na Allah yakan ba da labarin nan in an ce yana gaba da fatake. "Ban ƙi kasuwa ba," yake cewa. "Abin da nake tsoro shi ne ranar da mai sayarwa ba shi da ikon cewa a'a."

Kai ne, Malam, ka tsaya wa irin jar akuya lokacin da kowa ke kallon kuɗinta. Kai ne ka ji yunwa tare da iyalinka, ka sayar da biyu da hawaye, ka riƙe sauran don 'ya'yan wasu su sha nono. Mai amalanken mata marasa gata, mun gode. Inna Zara'u, ke ma mun gode, don rabin wahalar a tukunyarki ta sauka. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ba gwiwa lafiya.

Sai dai ba da kwanciyar hankali ake wannan godiya ba. Daminar bara ta gaza, soja sun sake karɓar mulki, hatsi na hawa, kamyo kuma sun fara jeruwa bakin kasuwa tun kafin bazara ta kankama. Na Allah ya ce zai raba bunsuransa bakwai kyauta, ɗaya ga duk garin da mai gari da mata suka yi alkawarin ciyar da shi tare, kuma ba za su sa shi mota ba ko tiya ta kai nawa. Garuruwa huɗu sun zo sun ɗauka. Jama'ar Tasawa da Mayahi, saura uku, kuma Alhaji Sidi ya riga ya aiko yana tambayar kuɗinsu.