Rabon Gona da Bakina a Ɗaure

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, babur ya kayar da ni a hanyar Ɗambatta, muƙamuƙina na ƙasa ya karye. A asibiti a Kano suka haɗe haƙorana na sama da na ƙasa suka ɗaure da waya, wai sai ƙashin ya kama za a kwance. Ni da ake kira rediyo a gidanmu saboda surutu, na koma sai gurnani.

Yayana ne ya yi jinyata. Shi ke tace kunu ya ɗura mini ta gurbin haƙorin da ya fita, shi ke goge mini haɓa. Har kuka na yi a ɓoye don tausayinsa.

Gona biyu Baba ya bar mana: ta tudu mai yashi, da ta fadama, inda na haƙa rijiya da hannuna nake noman albasa. Kowa a ƙauyen ya san wadda raina yake kai.

Wata Juma'a ina kwance, na ji muryar liman da dattawa a zaure, ashe rabo aka zo yi. Sai na ji Yaya yana cewa, "Malam, mun gama magana da ƙanena tun kafin hatsarin. Ya bar mini fadama, ya ce tudu ya ishe shi."

Na tashi jiri na ɗibata, na dafa bango har zaure. Na yi ta girgiza hannu, ina nuna ƙirjina, yawu na dalala a rigata. A raina ina ta cewa ƙarya ne, amma ko harafi bai fito ba.

Yaya ya taso ya rungume ni. "Zafin ciwon ne, haka yake yi in ya motsa masa. Ku sa shi a addu'a."

Suka ɗaga hannu suka yi mini addu'a. Ya mai da ni ɗaki ya ja ƙofa, ina ji aka shafa fatiha.

Ranar da aka kwance wayar, gidan liman na fara zuwa. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Abin da aka shafa wa fatiha gaban shaidu? Yi haƙuri, kada ka ɓata ladanka."

Karayar ba ta yi mini ciwo kamar wannan ba. Har yau in yara sun yi faɗa kan abu, ni iyayensu ke nuna musu, wai su yi koyi da mutumin da ya bar wa yayansa fadama. Su tare ni a hanya su ce Allah ya saka mini da alheri, ni kuwa in ce amin.