Ranar da na share cikin akwatin gadi

Ƙarfe takwas da minti goma sha biyu na safiyar wata Talata, mu uku ne tsaye gaban akwatin: ni, da shugaban cibiyarmu ta kwamfuta a Yelwa, da ƙanwar matata, wadda ita ce injiniyarmu. Akwatin nan fayawol ake ce masa, shi ke gadin intanet ɗinmu. Ran nan ya ƙi tashi, ga ɗalibai tun daga Shanga da Wara cike da baranda suna jiran rajistar jarrabawa.

Shugaba ya ce duk wanda ya taɓa shi, yau zai ajiye makullan cibiya. Makullan kuwa a aljihuna suke.

Ga yadda aka yi. Ni mutum ne mai ƙin tarkace. Ran Litinin injiniyar tamu ta bar kwamfutarta jone da akwatin ta tafi sallar la'asar. Na leƙa, na ga fayiloli masu sunaye kamar kaza ta taka tawada. Na farko, na tsara su. Na biyu, na rubuta sunan kowane a littafina, don ba na zubar da ko ƙusa ban rubuta ba. Na uku, na goge su. Akwatin bai nuna komai ba, sai da aka kashe janareto aka tayar da safe.

Da shugaba ya fita lallashin ɗalibai, ta jona wayar aikinta, ta daɗe tana duba allo.

"Yaya, cikinsa fes, kamar an share tsakar gida. Wa ke da irin wannan tsabta a nan?"

Na ce ban saba zargin mutane ba.

"To. Zan wanke ma'ajiyarsa, in zuba masa sabuwar manhaja daga filasha, in mayar da saitin da na adana. Amma manhajar iri biyar gare ni, ban tuna wadda ke ciki ba, sai na ga sunayen fayilolin da aka goge. In na yi ta gwaji, sai azahar. Da dai ɓarawon ya san rubutu!"

Na dubi baranda. Wata yarinya tun asuba ta hawo kwalekwale, takalmanta ma ba su bushe ba. Na zaro littafin, na buɗe shafin, na ajiye wa ƙanwar matata ba tare da na dube ta ba.

Ta karanta a hankali, har da lambobin da na jera da layin da na ja da rula. Dariya ta ci ta har ta dafe tebur.

"Har da ƙarfe nawa! Yaya, kai ko kisa ka yi sai ka sa kwanan wata."

"Yi aikinki, mara kunya."

"In kana son rufin asiri, busasshen kifi zan ci, na bakin tafki, manya."

Ƙarfe tara da rabi fitilun akwatin suka koma kore. Shugaba ya tambayi abin da ya faru, ta ce tsabta ce ta yi masa yawa. Ya gyaɗa kai, ya umarce ni in hana masu shara shiga ɗakin. Na rubuta umarnin, na kuma bi shi sosai.

Mai karatu, saura shekara biyu in yi ritaya. In ka san shugabanmu, don Allah ka riƙe bakinka har lokacin.