Ƙanzon Tukunyar Baba

Ranar jajiberin Babbar Sallar 1976 na gudu daga hannun makitsiya, rabin kaina a kitse, rabi a tsaye kamar tsintsiya, na nufi Chikaji. A ranar za a buɗe tukunyar tururin kamfanin matse man gyaɗa inda Babana yake aiki, kuma abin da aka gani a cikinta shi zai nuna ko Baba zai yi Sallah a gida. Na sha gaya wa ƙawayena a makaranta cewa tukunyar nan ta fi taragon jirgi tsawo, in ta yi atishawa har kajin Samaru sai sun daina ƙwai. Na ɗan ƙara gishiri, amma duk wanda ya tsaya kusa da ita ya ji ƙasa tana rawa a tafin ƙafarsa ba zai ƙaryata ni ba.

Ciwon tukunyar ƙanzo ne. Haka ma'aikata suke kiran farin ɓawon da ruwa ke bari a jikin bututai in ya daɗe yana tafasa, irin wanda ke kama gindin butar shayi, sai dai wannan ya fi dutsen niƙa tauri. In ya yi kauri, zafi ba ya ratsawa, ƙarfe ya yi ta cin wuta shi kaɗai har ya kumbura, tsatsa kuma tana cinsa ta ƙarƙashi. Saboda haka duk hutun Babbar Sallah ake kashe wuta, Baba ya shiga ciki da guduma ya yi ta sara. Yakan dawo fari fat kamar an tono shi daga buhun fulawa, kunnensa a toshe, sai an yi masa magana da ƙarfi kamar ana kiran mai kwalekwale. Ragonmu kuwa maƙwabci ne ke yanka mana kowace shekara, har yaran layinmu a Sabon Gari suka ƙaga cewa Baba tsoron rago yake. Na yi dambe a kan maganar nan a bakin famfo, a filin 'yar gala-gala, har a hanyar makarantar allo.

A farkon shekarar aka kawo Anti Komfot, wadda ta yi karatun haɗa magunguna a Samaru, take zuwa kan babur da akwatin kwalabe. Ita da Baba suka shiga yi wa ruwa magani. Kullum da safe Baba ya dama wani farin gari da wani mai ruwan ƙasa a bokiti ya zuba a tankin da tukunyar ke sha. Farin yana sa ƙanzon ya zama laka mai laushi, a buɗe famfon ƙasa ta fita da gurnani. Mai ruwan ƙasan kuma yana lulluɓe ƙarfe ya hana tsatsa. In na kai wa Baba abinci nakan tarar da Anti ta ɗebi ruwan tukunyar a kwalba, garau da shi, ta ɗiga wani abu, nan take ya koma ja-ja kamar tsinkakken zoɓo. Ran da na fara gani sai da na karanta Ayatul Kursiyyu. Ta yi dariya ta ce, “Ladi, ba sihiri ba ne. Farin garin nan ɗan uwan kanwa ne, wancan kuma ɗan uwan bagaruwar majema.”

Na kai wa Kaka labari, ita kuwa da ta ji kanwa sai ta gyara zama. Ta ce ita ta san ciwon ciki tun kafin a haifi masu kamfanin. Ta ciro kanwa ungurnu mai girman dunƙulen hannu daga ƙasan tukunyarta ta ƙulle a tsumma, ta ce wa Baba, “Tanko, ka kai wa marar lafiyar nan taka.” Baba ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu ya ce, “To, Inna.” Bai saka ba, a tagar ɗakin tukunya ya ajiye, ya kuma harare ni harara mai nufin in na yi magana zan gane kurena.

To, ga ni ranar jajibere a bayan tarin buhuna ana kwance notuna. Aka ɗaga murfin wata ƙofa mai kama da bakin rumbu, Baba ya yi bisimilla ya zura kai da tocila. Ya daɗe har na fara shirya damben gobe. Da ya fito ya miƙa wa Anti tocilar, sannan ya hango ni. Na zaci duka ne, sai ya ɗaga ni ya ce in leƙa. Bututai ne jere, baƙaƙe sumul, suna ƙyalli har inda haske ya ƙare. Na yi sallama a hankali, tukunyar ta amsa mini da muryata. Baba ya shafa yatsa ya nuna mini 'yar laka, ya ce wannan wanki kawai take so.

Washegari bayan Idi Baba ya kayar da ragonmu a ƙofar gida, ni kuma na bi layi gida-gida ina gayyatar masu bakin nan su zo kallo. Kaka tana zaune a tabarma tana gaya wa duk mai shigowa, “Ai ungurnu ba ta ƙarya.”

Yanzu ina sakandare, na haddace sunayen magungunan nan da Turanci, har na ɗiga maganin da ke mayar da ruwa ja da hannuna ban karanta komai ba. Kaka ta rasu bara ba tare da kowa ya gaya mata cewa ba a saka ungurnunta ba. Ƙullin nata yana nan a tagar, ya yi ƙura, kuma Baba bai yarda mai shara ya taɓa shi ba.