Layin da Raishatu ta goge bai tafi ba

Da aka ce mini wata mata a Belbeji tana nemana saboda salularta tana rubuta kowane shafi sau biyu, sai da na yi jinkirin zuwa. Shekara shida na yi a Tunis ina karatun kwamfuta, kuma a can ko ɗalibi ba zai ɓata lokacinsa a kan wannan ba. Ban ga abin da layi biyu zai rage wa mutum ba a garin da ake kwana uku babu rezo, wato sabis ɗin waya.

Sunanta Raishatu. Daga firamare ta tsaya, amma tana karanta Faransanci sannu a hankali, da yatsa. Mijinta Ila direba ne a hanyar Agadas. Ita kuwa tana da rumfa kusa da famfon gari, tana cajin salula da wutar solar famfon. Makiyaya daga Tenhya da manoma daga Falanko sukan zauna a tabarmarta ta duba musu abu a intanet: sakamakon jarrabawar ɗa, labarin damina, sunan magani. Ƙa'idarta ɗaya ce. Idan ta gama, sai ta buɗe jerin shafukan da aka shiga, ta nuna wa mutum layinsa, ta goge a gabansa. Saboda wannan gogewar mutane suke tambayarta abin da ba sa tambayar 'yan'uwansu.

Tallace-tallace sun dame ta. Suna cinye mata megan intanet, kuma wata rana hoton mace rabi tsirara ya faɗo tana karanta wa wani dattijo. Sai ta sa manhajar tare talla. Ba ta lura ba cewa tun ranar kowane shafi sau biyu yake shiga jerin. Tana goge na sama, na ƙasa yana nan.

Yayan mijinta, Alhaji Attahir, shi ne shugaban kwamitin famfo. Ya ari salular zai duba farashin gero, sai ya ga layin da bai gogu ba: alamomin ciwon huhun shanu.

"Raishatu, wa ya tambayi wannan?"

"Wani ne, Yaya."

"Na san ba aljani ba ne. Shanunsa a kwamin nan suke shan ruwa tare da namu."

"Na tura shi wurin likitan dabbobi tun ranar. Ya je, an ware masa biyu, an yi wa sauran allura. Ka tambayi likitan ko garken gari yana cikin haɗari."

"Ke nake tambaya."

"To ka samu amsata."

Ta san abin da zai biyo baya idan ta faɗa. Ko shanun sun warke, ba za a sake barin mutumin ya matso famfo ba har ranin ya wuce. Washegari Alhaji Attahir ya sa aka cire wayar wutarta.

A wannan halin na same ta, rumfa babu wuta, salula saura kaɗan ta mutu. Na duba. Manhajar tana yanke wata doguwar wutsiya a adireshin shafi, wadda masu talla ke bin sawun mutum da ita, sai ta sake buɗe shafin. Salular kuma ta rubuta duka biyun.

Na ce, "Inna, mafi sauƙi ki cire mai tare tallan."

"Malam, Tunis ka je ka koyo wannan? In mayar da matan nan marasa zane gaban tsofaffi?"

Na yi dariya, na nuna mata tagar sirri, wadda ba ta ajiye komai a jerin. Ta gwada sau uku, tana rufewa tana dubawa. Ba ta gamsu ba.

"In babu layi, me zan goge musu? Sai sun gani da idonsu suke yarda."

Haka muka bar shi. Yanzu layi biyu take nunawa, ta goge ɗaya, ta ce wa mutum ya goge na biyun da yatsansa.

Alhaji bai mayar da wutar ba. Ta ɗauke tabarmarta ta koma gindin aduwa a bakin kasuwar dabbobi, da ƙaramin fanon sola da Ila ya kawo mata. Caji ya ragu, salula huɗu kawai yake ɗauka. Masu tambaya kuwa sun bi ta can, har da wasu 'yan kwamitin.

Kafin in koma gida Tanut na tambaye ta, "Da mutumin ya ƙi zuwa wurin likita fa, Inna? Da kin faɗi sunan?"

Ta ce, "Da na ɗauki sanda na tsaya bakin kwamin da kaina, ba saniyarsa ɗaya da za ta sha. Duk wanda ya gan ni ya gani. Amma daga salulata, ko daga bakina, Yaya ba zai ji ba."